Kile ɗaya da ya hana a rufe mana ɗakin kwamfuta

A makarantunmu da dama, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, akwai wani ɗaki da mabuɗinsa ke zaune a aljihun darakta, ba a buɗe shi sai in baƙi za su zo. Ɗakin kwamfuta ke nan. Duk malamin da ya daɗe a aiki ya san tarihinsa ba sai an ba shi labari ba. Wata ƙungiya ko wani ɗan gari mai hali ya kawo na'urori, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, yara suka yi tafi. Bayan shekara guda rabinsu sun daina tashi. Bayan shekara biyu an lulluɓe su da tsofaffin zannuwa, ɗakin ya koma ma'ajiyar alli da karyayyun kujeru. In uba ya tambaya, sai a ce masa ai sun lalace.

Abin da nake so in shaida wa ƴan uwana malamai da iyayen yara shi ne, akasarin na'urorin da na taɓa da hannuna a irin waɗannan ɗakuna lafiyarsu ƙalau. Abin da ya rikice a cikinsu shi ne uwar manhaja, wadda masu gyara ke kira sistem, wato Windows ko Linux. Matsayinta a kwamfuta kamar na malamai ne a makaranta: ko gini ya yi kyau, kujeru sun cika, in babu mai shiga aji babu karatu. Kuma rikicewarta ba ta da wuya a irin halin da muke ciki. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko wani ya soka kile mai ɗauke da birus, ko yaro ya goge abin da bai san amfaninsa ba, ko malamin da ya sa kalmar sirri an canza masa wurin aiki ya tafi da ita a kansa. Maganin duk waɗannan guda ne, a sake girka uwar manhajar. Aiki ne na kamar awa ɗaya, in akwai kayan aiki a hannu da wanda ya san yadda ake yi.

Ni ba injiniya ba ne. Na fito daga makarantar horon malamai ta Damagaram sama da shekara 20 da suka wuce, abin da aka koya mana kuwa shi ne tsara darasi, riƙon aji da rubutu a allo. Kwamfuta na koye ta ne da girmana, a shagon intanet, don in riƙa buga jarrabawar ajina. Da aka kawo ni makarantar da nake yanzu a jihar Maraɗi, mai ɗauke da firamare da kwaleji, sai aka damƙa mini mabuɗin ɗakin kwamfuta, don kawai an ga ina buga takarda da yatsu fiye da biyu. Haka abin yake a wurare da yawa, wanda ya ɗan fi saura sani shi ake ɗora wa kayan.

Na'urori 14 na tarar, kuma ba uwarsu ɗaya ba. Shida wata ƙungiya ta turo su daga Faransa, da Windows 7 na Faransanci da madannai masu farawa da AZERTY. Biyar an sayo su na hannu daga Kano, madannansu QWERTY, harshensu Ingilishi. Biyu na tafi-da-gidanka ne da wani tsohon ɗalibi ya bayar. Ta ƙarshe ita ce ta ofishin darakta, wadda ta fi su ƙuruciya. Ƙwaƙwalwar aikinsu, wadda ake kira ram, ta kama daga giga 1 har giga 8. Uku daga cikinsu tsofaffin ƙira ne masu bit 32, ba sa karɓar manhajar da aka yi wa sababbi masu bit 64.

A nan matsalar take, don babu uwar manhaja guda da za ta dace da su duka. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoba na 2021, tana neman aƙalla ram giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma ba a yi ta don masu bit 32 ba sam. A ɗakinmu na'ura ɗaya ce tak ta cika sharuɗɗan. Windows 7 an daina aiko mata da gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Linux Mint tana tafiya da ram giga 2. Abin da ya gaza haka sai masu sauƙin nauyi irin su antiX, ko Debian 12 ta 2023, don Debian 13 da ta fito a watan Agustan 2025 ta daina fitar da faifan girkawa na masu bit 32. Ashe duk mai kula da ɗaki irin namu yana bukatar manhajoji huɗu ko biyar a hannu kafin ya ce ya shirya.

Da farko da faifan DVD muke aiki. Wanda ya san ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu a ƙasar nan ya san ƙarshen faifai: su karce, su lanƙwashe, ko kuma idon na'urar da ke karanta su ya mutu. Daga baya muka koma kile, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke ce wa filashi. Akwai wata ƴar manhaja mai suna Rufus da ke mayar da kile abin tayar da kwamfuta, kuma har yau tana aikinta da kyau. Sai dai kile ɗaya manhaja ɗaya yake ɗauka. In ka gama da na'urar da ke son Windows, ka iso ga mai son Linux, dole ka share kilen ka sake rubuta shi, ka zauna jira kana fatar kada wuta ta ɗauke. Ko kuma ka sayi kile biyar ka liƙa wa kowane takarda da suna. Na yi shekaru ina yawo da su a cikin gwangwanin madara.

Wani abokin aiki da ke koyar da lissafi a Tawa ne ya fara gaya mini sunan Ventoy, a wani taron ƙara wa juna sani. Manhaja ce ta kyauta da ta fito a 2020, kuma asalin rubutunta a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Dabararta mai sauƙi ce. Sau ɗaya ake girka ta a kile, sai ta raba shi gida biyu. Ƙaramin gidan, mai mega 32, nan take zaune da abin da ke tayar da kwamfuta, ba ruwanka da shi. Babban gidan kuwa fili ne kamar na kowane kile. Kowace uwar manhaja ana sauke ta daga intanet a matsayin fayil guda da ake kira ISO, wato hoton faifai sukutum. Abin da za ka yi kawai shi ne ka kwafe waɗannan fayiloli ka zuba a babban gidan, yadda kake kwafe waƙa ko hoto. In ka tayar da kwamfuta daga kilen, sai jerin sunayensu ya bayyana, ka zaɓi wanda kake so. In sabon fitowa ya zo, ka goge tsohon fayil ka sa sabon. Kuma babban gidan a tsarin exFAT yake, ba shi da iyakar giga 4 ga kowane fayil da tsohon tsarin FAT32 ke da ita, abin da ke da muhimmanci tunda fayil ɗin Windows ya haura giga 5.

Wurin da mutane suka fi tsayawa shi ne yadda za a sa kwamfuta ta tashi daga kile maimakon faifanta na ciki. Maɓalli guda ne ake latsawa da zarar an kunna ta, kafin komai ya bayyana. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12. Sababbin na'urori suna da wani shingen tsaro mai suna Secure Boot, wanda a karon farko zai nuna shuɗin allo yana neman ka amince da kilen, ko kuma ka shiga saitin BIOS ka kashe shi. Na rubuta maɓallin kowace na'ura a ƴar takarda na manna a gefenta, don kada mai zuwa bayana ya sha wahalar nema.

Kilena mai giga 64 ne. A ciki akwai Windows 10 da Windows 11 na Faransanci, waɗanda na sauke daga shafin Microsoft kansa, don na'urorin da ke da lasisi. Akwai Linux Mint don matsakaitan, da Debian 12 da antiX don tsofaffin nan uku. Akwai Emmabuntüs, wadda wasu ƴan sa-kai a Faransa suka haɗa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, kuma ana aiki da ita a makarantu a Togo. Sai kayan gwaji: Memtest86+ mai auna lafiyar ram, GParted mai duba rabe-raben faifai, da Clonezilla mai kwafe na'ura sukutum. A wani kundi daban na ajiye abubuwan da ake girkawa daga baya ba tare da intanet ba, kamar LibreOffice don rubutu da lissafi, da GCompris mai wasannin koyon ƙirga da karatu na ƙananan yara, da Kiwix, wadda ke buɗe Wikipedia ta Hausa da kundin Vikidia na yara ko babu layi. Tara waɗannan ya ci mini darare da forfen intanet mai yawa, amma sau ɗaya aka biya. Malamai uku daga wasu makarantu sun zo sun kwafa a wurina ba su kashe ko dala ba.

Ranar da na san darajar kilen nan ita ce wata Litinin ana saura mako guda a raba takardun sakamako. Kwamfutar ofis ta ƙi tashi, sai baƙin allo da ƴan rubuce-rubuce, ga kuma makin duk azuzuwan kwaleji a cikinta. An riga an kira wani mai gyara daga kasuwa, ya duba ya ce sai an share ta gaba ɗaya, ya yanke jika biyar. Darakta ya aiko a kira ni daga aji.

Ya ce, "Malam, ka ji abin da ya ce. In aka share, makin yaran nan fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni rabin awa kafin a taɓa komai."

Na soka kilen, na zaɓi Linux Mint. Irin waɗannan manhajoji suna da wata baiwa: suna iya tashi su yi aiki daga kan kile kai tsaye, ba tare da sun rubuta komai a faifan ciki ba. Cikin ƴan mintoci allo ya buɗe, na shiga faifan na'urar kamar yadda ake shiga ɗaki ta ƙofar baya, ga takardun maki nan yadda aka bar su ranar Juma'a. Muka kwashe su zuwa wani kile, muka buɗe su a wata na'ura muka tabbatar sun cika, sannan aka sake girka Windows. Ban zargi mai gyaran ba, sharewa ita ce hanya mafi sauri, kuma shi ba shi ne zai tsaya gaban iyaye 300 ya yi bayani ba. Amma tun daga ranar muka kafa doka a makarantar: ba a share na'ura sai an fara tayar da ita daga kile an ceto abin da ke ciki.

Clonezilla kuma ita ta rage mini aikin hutun ƙarshen shekara. Na'urori shidan nan na Faransa ƙirarsu ɗaya ce. Sai in gyara guda ɗaya tsaf, in sa mata duk abin da yara ke bukata, in ɗauki hotonta a wani faifai na waje, in zuba shi a sauran biyar. Abin da a da yake cin kwana uku yanzu yini guda ne. In yaro ya rikita wata a tsakiyar shekara, ba faɗa ba duka, a mayar mata da hoton kafin a tashi. Wannan ya canza yadda nake koyarwa. Da ina tsaye a kansu ina cewa kada ku taɓa nan, kada ku danna can, yanzu kuwa na sake musu. Yaron da ke tsoron ɓata kwamfuta ba zai taɓa iya ta ba.

Cikin abin da nake gyarawa kafin in ɗauki hoton har da rubutun Hausa. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bukatar buga takardu da ita ta ƙaru, kuma haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa kan madannan AZERTY ko QWERTY. Windows da Linux duka suna da tsarin madannan Hausa a cikinsu, kunna shi kawai ake yi. In ba a kunna ba, yaro zai saba rubuta kasa a inda yake nufin ƙasa, ya girma yana ganin haka daidai ne.

Wani abokin aikina ya taɓa ƙalubalantata a ɗakin malamai. Ya ce a ofisoshi Windows ake amfani da ita, don me zan koya wa yara abin da ba za su tarar a wurin aiki ba? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na bar Windows a na'urorin da ke iya ɗaukarta kuma suke da lasisi, yara suna zagayawa su taɓa kowace. Amma abin da ɗan aji shida ko ɗan kwaleji ke koyo shi ne riƙe linzami, buga rubutu, adana fayil da sake gano shi, jera lambobi a tebur. Wanda ya iya su a LibreOffice zai iya su a Word da Excel cikin kwana biyu. Kuma ga na'ura mai ram giga 1, ko dai ta tashi da Linux mai sauƙi yara su yi aiki, ko ta ci gaba da kwanciya ƙarƙashin zane. Da babu gara ba daɗi.

Iyaye ma abin ya shafe ku kai tsaye. Bara wata baiwar Allah ta zo mini da kwamfutar tafi-da-gidanka da ta saya wa ƴarta mai shirin shiga jami'a, bayan ta sayar da tumaki biyu. Ta ce, "Malam, duba mini, yarinyar ta ce ba ta motsi." Na tayar da ita daga kile. Mai shagon ya ce mata ram giga 8 ne, na'urar kuwa ta nuna giga 2, an kuma tura mata Windows 11 da ƙarfi ta bayan gida. Na ce, "Hajiya, na'urar ba ta mutu ba, kaya aka ɗora mata fiye da ƙarfinta, kuma abin da aka faɗa miki ba shi ke ciki ba." Ta koma da ɗan uwanta aka ƙara mata ram, muka sa Linux Mint, yarinyar tana aiki da ita har yanzu. Shawarata ga duk uban da zai sayi kwamfuta ta hannu ita ce ya tafi da wanda ke da irin wannan kile. A gaban mai shago za a tayar da ita, a ga ainihin ram da girman faifai, a gwada kowane maɓalli, da sauti, da kama intanet, a cire caja a ga ƙarfin batir. Mai kaya na gaskiya ba zai hana ba.

Akwai wuraren da ya kamata a yi hattara. Girka Ventoy a karon farko yana share duk abin da ke kan kilen, don haka a kwashe kaya tukuna, a kuma duba da kyau cewa kilen aka zaɓa ba wani faifai ba. Sabunta ta daga baya ba ya taɓa fayilolin. Sannan kasuwa cike take da kile na jabu, an rubuta giga 64 ko 128 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai nuna maka ya karɓi fayil, ranar bukata ka tarar da shi a lalace. Araha ba ta ado. Akwai ƴan manhajojin gwaji, H2testw a Windows da F3 a Linux, masu cika kile da bayanai su sake karantawa don su fallasa ainihin girmansa. Haka kuma fayil mai giga 5 da aka sauke da layi mai yankewa yana iya zuwa da rauni. Shi ya sa masu manhajar ke wallafa wata doguwar lamba mai suna SHA-256, wadda in ta yi daidai da ta fayil ɗinka ka san ya iso lafiya.

Kada a sauke komai sai daga shafin masu shi na asali. Windows ɗin da ake yawo da ita a kasuwa, wadda aka fasa aka ce ba ta bukatar lasisi, ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinta, kuma bai dace makarantar da ke hana yara satar amsa ta zauna a kan manhajar sata ba. Kilen gyara kuma ba a ba da aronsa. Ranar da ya shiga shagon buga takardu zai dawo da birus ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na bogi. Ita kanta Ventoy ba a rasa masu yi mata tambaya ba: a 2024 wasu masana sun nuna damuwa cewa akwai wasu guntaye a cikinta da aka saka a shirye, waɗanda ba a iya bin diddigin yadda aka haɗa su cikin sauƙi. Ga ɗakin karatun yara ban ga abin da zai hana ni aiki da ita ba, amma wanda ke riƙe da na'urorin banki ko na asibiti ya kamata ya san da maganar. Kuma lokaci-lokaci akan samu tsohuwar na'ura da ta ƙi tashi da ita, shi ya sa har yanzu nake ajiye ƙaramin kile guda da Rufus.

Abu mafi nauyi shi ne amana. Ƙofar bayan nan da na bi na ceto makin yara, ita ce dai wani zai bi ya karanta tambayoyin jarrabawa ko ya leƙa takardun da ba nasa ba. Kalmar sirrin Windows ba ta tare wanda ya tayar da na'ura daga kile, sai fa in an kulle faifan kansa da irin su BitLocker. Don haka a na'urar ofis mun sa kalmar sirri a BIOS, mun hana ta tashi daga kile sai da izini, darakta ya rubuta kalmar ya rufe a ambulan. Ni kaina ba na buɗe na'urar wani sai yana tsaye a wurin. Yaran da nake koya wa aikin, wannan ne darasinsu na farko kafin su taɓa maɓalli.

Ba kowace cuta kile ke warkarwa ba. Cikin na'urorinmu 14, biyu sun mutu da gaske, ɗaya akwatin wutarta ya ƙone, ɗaya faifanta na ciki ya daina juyawa. Waɗannan aikin mai gyara ne, kuma a biya shi haƙƙinsa. Wasu kuma abin da ke damunsu bai taka kara ya karya ba: ƙura ta toshe fanka, ko ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare, na'ura ta riƙa mance kwanan wata. Amfanin kilen a nan shi ne yana raba maka mai ciwon gaske da mai ƙaramin lahani, kada kuɗin iyaye su tafi a kan abin da malami zai iya yi da hannunsa. Yau 12 suna aiki, kowane aji yana shiga sau ɗaya a mako.

Saura abin da ya fi damuna. Malami ba ya dawwama a wuri ɗaya, takarda guda ce za ta zo a ce an mayar da ni Dakwaro ko Tasawa. In kilen da sanin aikinsa suka bi ni, kafin shekara biyu na'urorin nan za su sake yin shiru. Shi ya sa muka yi kile biyu iri ɗaya, guda a wurina, guda a kabad ɗin darakta, an rubuta shi cikin kayan makaranta kamar taswira da ƙamus. Akwai littafi da muke rubuta tarihin kowace na'ura, abin da aka girka mata da ranar da aka yi. Na koya wa malamai biyu, mace da namiji, da ɗalibai shida na aji uku na kwaleji, rabinsu ƴan mata. A hutun da ya wuce wata daga cikinsu ta girka Linux Mint daga farko har ƙarshe ina zaune ban ce uffan ba, da ta gama ta juyo ta ce, "Mushe, shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ga iyayen da ke cikin kwamitin COGES, in an zauna taro na gaba ku tambaya: na'urori nawa ke tashi, wa ya gwada waɗanda aka ce sun mutu, kuma mutum nawa ne a makarantar suka iya sake girka su? Kuɗin kile biyu masu kyau da forfen sauke manhajoji ba su kai abin da ake kashewa a rumfa da lemo ranar bikin karɓar kaya ba. Masu kawo gudummawa kuma, muna godiya, amma ku haɗa mana da yini biyu na horo ga malamai, ya fi mana ƙarin na'ura biyu amfani. Ƴan uwana malamai da ke jihar Maraɗi, duk wanda ya zo da kilensa zan kwafa masa abin da ke nawa in nuna masa yadda ake yi, da sharaɗin shi ma ya koya wa wani a makarantarsa. Allah ya sa mu dace.